Wa Zai Kwana da Sodangi

…kuma ba wai ban san abin da zan ce ba. Na sani. Tun asuba nake jera shi a baki, ina warwarewa, ina sake jerawa, kamar mai tsintar tsakuwa a gero. Maganar ba ta kai numfashi ɗaya ba. Ki tashi ki bi shi. Shi ke nan. Ki tashi ki bi ɗanki asibiti, ni an hana ni.

Ga ki can bakin rijiya kin ba ni baya, kina wanki. Ga shi nan ƙofar ɗaki a kan tabarma yana lasar kunu da bayan cokali. Ga ni nan ƙarshen gida, gindin dogon yaro, da ƙyallen asibiti ɗaure a baki da hanci kamar akuyar da ta ci wa mutane shuka. Uwa da ɗiya da jika, kowa ya kama kusurwarsa. Kuma yau ce ranar komawa. Kafin rana ta take tsaka Zainulabidin zai tsaya da kekensa na haya mai ƙafa uku a ƙofar gida, ya kai yaron tashar Bodinga inda ubansa ke jira, daga nan sai Sakkwato, sai gadon nan mai ƙarfe, sai robar magani tana ɗiga…

Tari. Bari ya wuce.

Wannan tarin ne ya jawo komai. Tun komawarmu ta baya likitar ta tsaya da abin saurarenta a wuya, ba yaron take kallo ba, ni take kallo. Inna, yaushe kika fara wannan tarin? Na ce tsufa ne, ɗiyata, da hayaƙin murhu. Ba ta yi dariya ba. Ta sa aka karɓi kakina a ɗan kwalba, ta ce sai an gwada, kuma kafin sakamako ya fito kada in kwana ɗaki ɗaya da shi, kada in ci kwano ɗaya da shi. Wai maganin da ke kashe ciwon yana kashe masu gadin jini ma, yanzu jikinsa gari ne ba ganuwa, ko ɗan tarin tsohuwa zai iya shiga ya yi ɓarna. A ɗakin yara kuwa ba shi kaɗai ba ne, duka haka suke. To ki samo wata, Inna. Mace, wadda za ta kwana da shi.

Wata? Wace wata? Rukayya ƙanwarki na can Yawuri da tsohon ciki, yau ko gobe. Shatu maƙwabciya ta taɓa raka mu, Allah ya saka mata, amma da aka zo neman jijiya yaron nan ya cije ta, ya shuri nas, sai da na zo na rungume shi. Ubansa namiji ne, ba a barin maza su kwana. Na juya gidajen dangi kaf a raina, na zube su, na sake juyawa — kowane lokaci ke ce kike saura a faifai.

Ke. Ɗiyata ta fari.

Kin san kuwa ban taɓa kiran sunanki ba? Kin sani mana. Me zai hana ki sani, ke da kike yi wa naki haka.

A ɗakin Innata na haife ki, a Lambara, da damina, ruwa na zuba ta wani gefen jinka cikin ƙwarya. Ungozoma na ɗaga ki na kau da kai ga bango. Ba don ba na so ba — wa ya ce? Haka ake yi. Ɗan fari ba naka ba ne a idon mutane. In zan ba ki nono sai an saki labule, in wani ya yi sallama in ajiye ki gefe kamar ɗiyar maƙwabta. Ranar suna ina ƙuryar ɗaki lulluɓe, na ji maroƙi ya ɗaga murya a ƙofar gida ya faɗi sunan, ya ratso bango ya same ni. Na haɗiye shi. Yana nan inda na haɗiye shi. Da aka yaye ki Inna ta riƙe ki, a hannunta kika yi wayo, a hannunta aka ɗaura miki aure da Sama'ila tela aka kai ki Shagari. In zan yi zancenki sai in ce yarinyar nan. In zan aika miki, a ce wa ta Shagari. Mata na yabona a wurin biki, Nana Hauwa akwai kunya, ko ɗiyar nan ta faɗa wuta a gabanta sai dai ta kira wani ya ciro ta. Ina jin daɗin yabon. Har yau ban ce abu ne mummuna ba. Yaron da ya tashi a hannun kaka me ya rasa? Dangi duka nasa ne, kowane ɗaki ya shiga akwai tuwonsa.

Sai kika zo gidan nan goyon ciki, kika haifi namiji, kika kau da kai ga bango daidai yadda na yi, ba wanda ya koya miki. Ko ni na koya miki? Daga nesa, ba da baki ba… Aka raɗa masa Abdul'aziz, sunan mahaifin mijinki, ƙofa biyu ke nan aka rufe miki: ɗan fari, kuma mai sunan suruki. Ni na sa masa Sodangi, don duk wanda ya miƙa hannu sai ya tafi. Ranar yaye aka kawo mini shi nan Dingyaɗi, na goya, bai sake sauka ba. Adda yake ce miki. Adda ta zo. Adda ta kawo mini riga. Yana tsammanin wata yayarsa ce mai kirki da ba ta son surutu.

—Tsohuwa, yaji kinka yi?

Ji shi. Ya ɗago daga kwanon kunu, kan nan fes kamar ƙwai, ko gira babu.

—Wa za ya zamna da miji ba gashi ba gona? Na ƙi auren.

—Ke ma ba ki da haƙora. Taho ki ga, na shanye.

—Ina gani daga nan, maigida.

Daga nan. Ya gane akwai wani abu, bai gane mene ne ba. Tun da na koma kwana ɗakin ajiya yake tuhumata da yaji. Na ce masa tarin ne, ya ce shi ba ya tsoron tari, ya ga wuƙar likita ma bai ji tsoro ba. Ƙarya yake, barci aka sa shi. Amma bar shi da bakinsa, bakin nan ne ya rage masa da ƙarfi.

Iska ta juyo daga gabas da warin albasa. Allah sa kada ya ji. Garin nan kaf albasa ne yanzu, an haƙo, an baza a inuwa, an cika rumbuna, motoci na lodi a bakin hanya — shi kuwa tun da aka fara masa jan maganin nan ko daga nesa ya shaƙa sai amai. Ɗan manoman albasa! Na kwashe tawa na kai gidan Shatu, miyarmu ta koma lami. Ke ma na lura. Duk ranar da za ki zo, zanenki ba ya warin girki. Wanki kike yi masa daban ki ajiye? Ban tambaya ba. Ina zan tambaya?

Abin da ban tambaya ba ya fi gashin kaina yawa.

Malama Zulaihatu ita ba ta gajiya da tambaya. Tana zuwa da wayarta tana ɗaukar magana, ta zauna kan tabarma ta naɗe ƙafa kamar 'yar gida. Nata ɗan, Mustapha, ciwon dajin jini ne ya tafi da shi, shekarun baya, tun daga nan ba ta zauna ba. Ita da wasu iyaye suka haɗa kai, suna bin ƙauyuka, wurin awon ciki, wurin suna, makarantar matan aure, suna cewa in kuna yi wa yara wanka ku shafa cikinsu, ku duba idonsu, kumburin da ba ya ciwo ba lallai ne na lafiya ba. Kuma wai likitoci na son su san abin da ke sa yaranmu ba sa isa asibiti sai abu ya yi nisa, da abin da ke sa wasu su koma gida ba su dawo ba. Shi ya sa take tambaya. Inna Hauwa, wa ya fara lura? Daga nan ina kuka fara zuwa? Me aka ce muku?

Na faɗa mata. Saifa muka ce. Kowa saifa ya ce. Mode wanzami ya zo ya yi masa 'yar tsaga a gefen ciki ya shafa magani, yadda ya yi wa yaran garin nan da dama suka tashi. Shi ne ma daga baya ya dawo da kansa, ya tsuguna ya danna, ya daɗe, ya ce Nana wannan ba nawa ba ne, saifa ba ta zama nan, ku tafi gaba. Muka tafi Bodinga, suka ce ku tafi gaba. A Sakkwato aka shafa masa wani mai sanyi aka ɗora na'ura, likita ta juyo da allon ta nuna mini wani duhu kamar gajimare. Ciwon daji, a ƙoda. Na ce daji? Yaron da ko kiwo bai fara bi ba? Ta ce wannan irin yana jin magani, Inna, in aka bi shi har ƙarshe. Har ƙarshe. Ta maimaita, tana buga yatsa a tebur.

Wa ya fara lura… Na ce ni. Kina zaune a bayan Malama ranar, kina tsinke zogale, ba ki ɗago ba. To me zan ce? In ce uwarsa, a gabanki, in kunyata ki? Amma ni da nake yi masa wanka safe da yamma ban gani ba, ido ya saba. Ke ce. Kin zo da rigar sallah da mijinki ya ɗinka, aka sa masa, hannuwa suka yi masa yawa, ciki ya ƙi shiga. Kowa na dariya, Sodangi ya ci tuwon kaka ya yi tumbi. Ba ki yi dariya ba. Ba ki ma dube shi ba, ni dai ban ga kin duba ba. Da za ki tafi kika tsaya bakin zaure, kika ce da Shatu, ba da ni ba, murya ƙasa ƙasa:

—A duba cikin yaron ga.

Da wane ido kike ganinsa? Da wanne? Da wanda nake ganinki da shi, ina jin. Na gefe. Wanda ba ya ƙiftawa. Na san ranar da kika fara ɗingishi da ƙafar hagu kina 'yar mitsitsiya, ƙaya ce ta karye a ciki, na faɗa wa Inna ta bakin ƙanwata. Na san ba ki cin kuɓewa. Na san in ranki ya ɓaci kina taɓa kunnenki na dama. Duk wannan na sani, amma ban san yadda tafin hannunki yake ba.

Malama ta juya gare ki ranar. Safinatu, ke fa, yaya kike ji game da ciwon ɗanki? Haka ta faɗi sunan, sakayau, kamar mai kiran 'yar talla. Ɗanki! Na ji kamar an yaye mini zane a kasuwa. Kika ce, Allah shi ba shi lahiya, kika ɗauki faifai kika shige madafa. Malama ta bi ki da ido. Ita ma 'yar ƙasar nan ce, ta san kunya. Sai da za ta tafi na raka ta zaure ta riƙe hannuna. Ta ce Inna, nawa ma na fari ne. Sai da aka lulluɓe shi na kira shi.

Na ce ta gaida gida.

Guga ya sake faɗawa rijiya. Wankin nan bai ƙare ba? 'Yan rigunansa nawa ne duka-duka? Tun hantsi kike dirza abu ɗaya…

Na san abin da nake shirin ɗora miki, shi ya sa bakin ya yi nauyi. Can ba a san gefen ido ba. Nas za ta tsaya tsakiyar ɗaki ta ɗaga murya, Maman Abdul'aziz! A gaban mata, a gaban likitoci maza, dole ki amsa. Za ki ɗora shi a cinya, ki zagaye shi da hannu, ki manna kuncinki a nasa don kada ya ga allurar. Zai yi amai a zanenki. Zai ce ƙafafunsa na yi masa zafi kamar ana soka ƙaya, ki yi ta matsawa har hannunki ya mutu. Za a tambaye ki ya yi fitsari, wane launi, ya ci, ya sha, ki buɗe baki ki yi zancen jikinsa gaɓa gaɓa. Labari kuma zai riga ki komawa Shagari. Surukarki Khadija ba muguwa ba ce, amma tana da baki, kuma sunan mijinta ne. Za a ce ɗiyar Nana Hauwa ta rungume ɗan fari a bainar jama'a. Ɗiyar Nana Hauwa, wadda ake misali da uwarta.

To a ce mana. A ce. Ni da na ga Altine?

Gadonta na jikin namu a asibiti. 'Yar wajen Shagari ce, daga wani ƙauye bayan gulbi, irin ciwonsu ɗaya, har wurin yankan ɗaya, suna ɗaga riga suna gwada tabo, kowa na cewa nasa ya fi tsawo. Baki gare ta kamar me. Ita ce ta tilasta mini tatsuniya da rana. Na ce haba, wa ke tatsuniya rana tsaka, mai yi ɓata yake a hanya. Ta ce Kaka, nan ina hanya? Daga gado sai bayi. Na duba, gaskiyarta. Robobi na ɗiga, yara sun yi jugum, iyaye na gyangyaɗi. Na ce to ga ta nan, in na ɓata ku nemo ni. Tun daga ranar, da an rataya magani sai a turo ƙarafunan kusa da gadonmu. Tatsuniyoyin da na gada daga Inna suka ƙare, na shiga ƙirƙira. Na yi musu ta zabuwar da ke yin ƙwai a bayan gari a kwashe a sa wa kaza, kaza ta ƙyanƙyashe ta yi ta yawo da su, zabuwa na bisa katanga tana ta kuka ba wanda ya san abin da take faɗa. Ban yi nufin komai ba, wallahi, abin da ke tsakar gidana ne na ɗauka. Sodangi ya ce, to ta san nata ne? Na ce ta sani mana. Ya ce mi ya hana ta sauko? Altine ta ce don wawuya ce. Aka yi dariya har nas ta leƙo.

Bayan tiyata Altine ta murmure. Ta yi kumatu, gashi ya fara tsirowa kamar gero bayan ruwan fari. Aka sallame su hutu, su dawo a ci gaba. Lokacin girbi ne, uwar na da goyo, kakar ta kwanta ciwon ƙafa, ba mai zuwa ya kwana da ita. Ba ƙin magani suka yi ba. Ba wanda ya ce ba za a koma ba. Cewa aka yi bari a ga mako mai zuwa, ai ga ta nan tana wasa. Malama ta yi ta kiran waya, ta hau mashin ta je har garin. Mako mai zuwa, in sha Allahu. Da suka dawo da ita ciwon ya hau huhu. Ta gane ni. Ta ce Kaka, ba ki ɓata ba? Na ce ina nan…

Ba mai zuwa ya kwana da ita. Iyakar abin ke nan. Ba wani babban abu ba.

Shi ma Sodangi ga shi nan ya murmure. Jiya Salisu ƙanen marigayi Malam babanki ya shigo gaisuwa, ya dube shi ya ce Alhamdu lillahi, ai yaro ya warke, ku bari tarinki ya lafa ku koma tare, mako ɗaya mi za ya yi? Da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Na ji maganar ta yi mini daɗi, wannan ne ya tsorata ni. Ta yi daɗi kamar ruwan randa. In na yi shiru yau, ba wanda zai zarge ni. Zainulabidin zai zo, a ce masa an ɗaga, ya juya. Ki shanya wankinki, ki ce a gaida mutan gida, ki koma Shagari ki ba jaririyarki Rashida nono…

Rashida.

Ina Rashida?

Tsaya. Da kika yi sallama da safe, kika durƙusa daga nesa, an kwan lahiya, ya mai jiki — me ke bayanki? Mayafi. Mayafi kawai. Na ga bayan nan tun ɗazu, shi nake kallo tun hantsi, ban ga abin da babu ba. Yarinyar da ko tsayuwa ba ta gama koya ba, wadda ba ki zuwa ko bakin zaure sai da ita. Ba ta ɗakina, da na ji kukanta. Ba ta gidan Shatu. Kin baro ta.

Kin miƙe kina matse riga. Juyo kaɗan… Gaban rigarki jiƙe yake sharkaf. Ruwan wanki ne, kowa zai ce ruwan wanki ne. Amma ruwan wanki ba ya yin da'ira biyu. Kuma ga yadda kike ɗaga hannu a hankali, kina cije leɓe, guga na taɓa ƙirjinki kina ja da baya. Na san wannan. Wace mace ce ba ta sani ba? Dutse biyu masu zafi, kwana da kwanaki.

Kin yaye ta. Ba lokacinta ba, kin shafa ɗaci kin yaye ta, kin miƙa wa surukarki, Allah kaɗai ya san abin da kika ce mata. Shi ya sa wanki. Shi ya sa kika zaɓi bakin rijiya, inda za ki jiƙe ba a tambaye ki ba. Kuma ƙullin nan da kika ajiye bayan turmi, na ɗauka tsummokaran yaron ne — ya yi girma da tsummokaran yaro.

Wa ya faɗa miki an hana ni? Sama'ila. Ko ba wanda ya faɗa, kin gani da idon nan naki, tsohuwa ta koma gindin bishiya da ƙyalle a baki.

To tun da kin shirya, me kike jira? Ki ɗauki ƙullinki mana, ki kama hannunsa…

A'a. Ba za ki iya ba. Na gane. Ɗiya mai kunya ba ta cewa ni zan bi ɗana. A gidan uwarta, a gaban uwar da ba ta taɓa cewa ɗiyata ba? In kika faɗa da bakinki, kin zubar da naki kin zubar da nawa. Amma in an sa ki, umarni kika bi. Sai a ce uwarta ce ta ce. Kin yi duk abin da za ki iya, kin cire jaririya daga nono, kin zo kin tsaya inda zan gan ki, kin bar mini guda ɗaya tak. Kuma ba ta bakin Shatu ba, Shatu ta tafi kai abinci fadama. Ba a ce wa ta Shagari. Babu kowa a gidan nan da zan ce ya ce.

Da Inna na da rai da ta yi mini. Da ta daka miki tsawa daga ƙofar ɗaki, ke wance, tashi ki bi yaron nan, ta kira sunan kamar ba komai, ita kaka ce, bakinta a sake yake. Ni kakar wancan ce. A wurinki har yau yarinyar nan ce mai fuska ga bango.

In ce ke? In ce ke yarinya? Za ki ji, za ki zo, ki durƙusa nesa, ki ce to. Zai wadatar. Keke zai tafi da mutum biyu. Amma can fa, in nas ta ɗaga murya, wa zai buɗe miki baki ki amsa? In na aike ki da rabin magana, da rabin hannu za ki riƙe shi, kina kallon bango, shi kuma yana neman tsohuwarsa. Yaron nan ba ya tsayawa allura sai an riƙe shi gaba ɗaya. Sai kin ji an yi a gabanki, kin ga rufin gidan bai faɗo ba.

Ƙarar keke. Tun daga kwanar masallaci nake gane shi, yana tari kamar ni. Ya yi sauri yau, ko ni ce na daɗe?

Sodangi ya miƙe, ya jawo hularsa ta ulu ya rufe kan, a wannan zafin. Ya ɗauki 'yar motarsa ta gwangwani. Yana dubana.

—Tsohuwa, tashi mana. Ko yajin bai ƙare ba?

Hannuwanki sun tsaya cikin ruwa. Ba ki juyo ba. Kunnenki na dama kike taɓawa da kafaɗa.

Bari in sassauta ƙyallen nan, daga nan iska ba za ta kai masa ba. Yaya ma ake fara shi? Na ji shi a bakin Inna, a bakin maroƙi, a bakin Malama, kowa da yadda yake ja. A nawa bakin ban san inda zai karye ba. Yana tasowa, ina jin sa, daga can ƙasa inda na ajiye shi, tare da tarin suke tasowa, ban san wanda zai riga fita ba…

Zainulabidin na sallama a zaure.

Sa—

Ya fito? Ni dai na ji wani abu. Kin ɗago kai, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunki, ba ni kike kallo ba, ba shi ba, tsakaninmu kike kallo. Saura. Saura sauran, Nana. Ja numfashi.